Muhawara: a yashe tabkin garinmu ya riƙa riƙe ruwa duk shekara, ko a bar shi yana ƙafewa?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta raba kan mutanen garinmu, ina roƙon masu sani su sa baki. Muna da tabki gabas da gari, a cikin jihar Tahoua. Yakan cika a watan Agusta idan koramu sun zubo, ya riƙe ruwa har wajen Janairu, shekarar da damina ta yi kyau ya taɓa Maris, daga nan ya ƙafe ƙaf, laka ta tsattsage. Yanzu 'yan garinmu da ke ci-rani sun haɗa kuɗi, suna son a kawo katafila ta yashe shi gaba ɗaya, a zurfafa shi, a zuba 'ya'yan tarwaɗa da karfasa, ruwa ya riƙa kaiwa wata damina. Niyyarsu ta alheri ce, ba ni da shakka. Amma hankalina bai kwanta ba. A ganina ƙafewar nan tana cikin rayuwar tabkin, kuma akwai halittun da ba su da wani gida sai irin wannan ruwa mai zuwa ya tafi. Me kuka gani?

Inna Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kai da ke wannan magana, ka taɓa ɗaukar jarka biyu a watan Afrilu daga rijiyar da ke bayan tudu? Mu mata mu muka san zafin ƙafewar tabki. Da ruwa ya janye, albasa da tumatir ɗinmu sai su tsaya, yara maza su kama hanyar Libiya da Aljeriya. In ruwa zai kwana, a bar shi ya kwana.

Ɗan Adar:
Gaskiyarki Inna, ban raina wahalarku ba ko kaɗan. Tsorona kada garin neman gira a rasa ido.

Baba Mai Koma:
Ni masunci ne, a su na tashi, kuma in an zuba kifi ni zan fara cin riba. Duk da haka bari in faɗa muku abin da ke ƙarƙashin lakar nan da kuke gani kamar matacciya.

Idan ruwa ya fara ja baya, gaiwa ba ta gudu. Takan nutsa cikin laka tun tana da taushi, ta lanƙwashe jikinta, wutsiya ta rufe kai, sai yauƙin jikinta ya bushe ya zama wata 'yar fata mai ruwan ƙasa da ta lulluɓe ta. Ta bar ɗan rami guda zuwa sama, ta nan take shan iska, don gaiwa huhu gare ta. Da rani mukan bi tsakiyar tabki muna duba ƙasa, wanda ya iya yakan gane bakin ramin, ɗan ƙarami ne, gefensa sumul. Ka sa fartanya a hankali ka fasa ɓangaren laka, sai ga ta a naɗe, ba motsi. Ka taɓa ta ta yi wani ɗan ƙara. Ka jefa ta cikin bokitin ruwa, kafin wani lokaci ta warware tana iyo. Iyayenmu sun hana mu kwashe su duka, sukan ce a bar na iri. To, katafila ba ta san wannan ba. Za ta kwashe laka da gaiwar da ke ciki ta tara a kan tudu, rana ta gama da su.

Malamin Kimiyya:
Allah ya ƙara girma Baba, ka riga ni. Abin da ka faɗa haka yake a littafi, har an ga gaiwar da ta wuce shekara 3 a cikin wannan hali ta farka lafiya. Kuma ba ita kaɗai ba ce.

Akwai wani ɗan kifi da bai kai tsawon yatsa ba, wanda rayuwarsa duka damina guda ce. Yana ƙyanƙyashewa da ruwan farko, ya girma da sauri, ya binne ƙwansa a laka, ruwa na ƙafewa ya mutu. Ƙwan ne ke jira cikin busasshiyar ƙasa har wata damina. Wani irinsa a 1928 aka fara rubuta bayaninsa, aka sa masa sunan kogin Kiyawa da ke ƙasar Jigawa ta yau, kuma danginsa na nan warwatse a tabkunan Sahel. Wani ɗan'uwansa na Mozambik da Zimbabuwe yakan balaga cikin mako biyu kacal, shi ya sa masu binciken tsufa a Turai suke kiwonsa. Haka akwai wasu ƙananan halittu dangin jatan lande, da ƙwansu kan yi shekaru masu yawa a ƙasa bai lalace ba. Kwaɗi da bududdugi su ma binne kansu suke yi, shi ya sa daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi sai ka ji gari ya ɗauki kukansu, alhali jiya ko ɗaya ba ka gani.

Lakar tabki rumbun iri ce. Abin da ya sa waɗannan halittu suke iya rayuwa a can shi ne, ruwan da ke ƙafewa ba ya tara manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu. Ranar da aka zuba tarwaɗa a ruwan da ba ya ƙafewa, 'ya'yan kwaɗi da ƙananan kifayen nan sun zama abincinta.

Bakano:
Malam, da girmanka, ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Mutane na fama da ƙishi da talauci, ana yi mana maganar ƙwan kwaɗo? Wa ya taɓa ƙoshi da ɗan kifin da bai kai yatsa ba?

Malamin Kimiyya:
Tambayarka a kan hanya take, ɗan'uwa. Ba mu ne ke cinsa ba, tsuntsaye ne. Zalɓe, balbela, jinjimi, gauraka, ɗinya, kirinjijiya, duk abin da ke tara su a bakin tabki shi ne ruwa marar zurfi mai cike da ƙananan halittu, da lakar da ke fitowa kullum idan ruwa na ja baya. Rami mai zurfi mai miƙaƙƙen gefe ba shi da wurin da tsuntsu mai dogayen ƙafafu zai tsaya. Tsuntsayen nan da kwaɗin su ne ke rage fara da ƙwari a gonakin da ke kewaye. Shamuwa da ke zuwa mana da damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, fara ce babban abincinta.

Sannan akwai baƙi. Daga Satumba zuwa Maris miliyoyin tsuntsaye da suka hayayyafa a Turai da Rasha sukan tsallako Sahara. Ruwan farko da suke tararwa bayan hamada shi ne tabkunan Sahel irin naku. A 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila sun ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Da aka bi sawu, sai aka gano farin da aka yi a Sahel ne ya kashe su a nan wajenmu.

Ɗan Adar:
Wannan gaskiya ne. A garinmu an taɓa kama wata 'yar agwagwar daji da zoben ƙarfe a ƙafa, da rubutun boko a jiki. Har yau zoben na wurin wani tsoho.

Bakano:
To ai ka ji, tsuntsayen Turawa ne. Su zo su biya mana kuɗin tsaron tabkin.

Baba Mai Koma:
Yaro, tsuntsun da ke wata shida a wurinka, wata uku ko huɗu a wurinsu, na wa ne? Kuma kai Bakano ne, ka fi mu sanin abin da ya faru da kududdufan birni. An cike su da shara an yi gini a kai, yanzu ruwan Agusta ina yake zuwa?

Bakano:
Cikin ɗakunan mutane, Baba. Wannan kam ba musu. Amma cikewa daban, zurfafawa daban.

Injiniya:
Bari in shigo ta ɓangaren aikina, don ina ganin kafin a kai ga maganar tsuntsaye akwai tambayar ko aikin ma zai yi. Abu biyu.

Na farko, a yankinku rana da iska kan shanye sama da mita 2 na ruwa a shekara daga duk ruwan da ke buɗe. Ƙara da abin da dabbobi za su sha da wanda za a ja zuwa lambu. Ke nan in ana son ruwa ya kai Yuni, sai zurfin ya wuce mita 3 sosai. Yashe tabki gaba ɗaya zuwa wannan zurfi ba kuɗin 'yan ci-rani ba ne.

Na biyu ya fi ba ni tsoro. Abin da ke riƙe ruwan tabki shi ne shimfiɗar yumɓu da ta taru a ƙasansa shekara da shekaru. A wurare da yawa kaurinta bai kai yadda ake zato ba, ƙarƙashinta kuwa yashi ne. Na ga inda mai katafila ya huda wannan shimfiɗa, tabkin da ke kai Fabrairu ya koma ƙafewa tun Nuwamba. An kashe kuɗi, an rasa ruwan da ake da shi. Kada ku yarda a sa ƙarfe a ƙasa sai an haƙa ramukan gwaji a wurare daban-daban an ga inda yumɓu ya tsaya.

Inna Mai Lambu:
Innalillahi. Wannan ba a faɗa mana ba. Wanda ya zo ya duba wurin cewa ya yi kwana goma ya gama.

Injiniya:
Inna, gama haƙa ba wuya. Ku tambaye shi ko zai sa hannu a takarda cewa ruwan zai kai Mayu.

Ɗan Rugga:
Jama'a sannunku. Ni makiyayi ne, kuma tabkin da ake magana irinsa ne muke bi. Da damina mukan yi arewa, dabbobi na sha a ƙananan tabkuna har mu kai wajen Ingal lokacin gishiri a Satumba. Idan na arewa suka ƙafe mu gangaro kudu, muna bin waɗanda suka fi daɗewa. Ƙafewar ruwa ita ke tashin mu daga wuri, ciyawa ta samu ta huta. Tsofaffinmu suna ba da labarin lokacin da gwamnati ta kafa manyan famfunan inji a arewacin Tahoua wajen shekarun 1960. Ruwa ya samu, kowa ya kwararo da garkensa, ba mai tashi, ƙasar da ke kewaye ta zama fili fetal. Da farin 1973 ya zo, dabbobi sun mutu a bakin ruwa, yunwa ce ta kashe su.

In tabkinku ya zama shi kaɗai ke da ruwa a watan Afrilu a duk yankin, ku sani garken ƙasar duka zai sauka a kansa. Ga lambuna kuma sun kewaye bakin ruwa. Ni abin da nake hangowa rigima ce.

Malamin Kimiyya:
Abin da Ɗan Rugga ya faɗa ya faru a Mali. A yankin Gurma akwai giwaye 'yan ɗaruruwa, su ne giwayen da suka fi kowanne zama arewa a Afirka. Duk shekara sukan yi babban zagaye suna bin tabkuna, har su leƙa iyakar Burkina Faso da damina, ƙarshen rani kuma su taru a tabkin Banzena. Da shanu suka yi yawa a wurin mutane suka zauna dindindin, a 2009 Banzena ya ƙafe kafin ruwa ya sauka, giwaye suka mutu, wasu 'ya'yansu suka maƙale a laka. Giwayen nan sun rayu a bakin hamada ne saboda tabkuna da yawa da ke ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacinsa.

Anti Nas:
Ni ta fuskar lafiya zan yi magana, kuma kada wani ɓangare ya ɗauka ina bayansa. Tabkin da ke ƙafewa ma ba tsarkakakke ba ne. Kurkunu a irin wannan ruwa mutanenmu suke ɗaukarsa, sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da shi, a Chadi kuwa har yanzu ana fama, musamman a jikin karnuka. Katantanwar da ke ɗauke da tsargiya wata irinta ma takan ɓuya a laka ta jira damina. Amma ruwan da ya kwana shekara yana tsawaita lokacin da yara ke wanka a ciki, fitsarin jini ya ƙaru. Gefen ruwa inda kofaton shanu ke barin ƙananan ramuka, nan sauron zazzaɓi ya fi son yin ƙwai, sai ku ga zazzaɓi ya zarce har rani. Abu na ƙarshe, rami mai zurfi mai tsayayyen gefe yana cin yara. Duk wanda ya yi aiki a asibitin karkara ya san wannan. Ruwan sha kuma, don Allah, rijiya ko famfo. Ko an yashe ko ba a yashe ba, tabki ba wurin ɗiban ruwan sha ba ne.

Ɗan Nguru:
Ku zo ku ga namu kafin ku yanke shawara. Fadamar Haɗeja da Nguru da ambaliya take rayuwa, ruwa ya malala da damina ya janye da rani. A kan wannan janyewar ake shinkafa, a bi da wake, makiyaya su shigo, masunta su kama kifi a ramukan da suka rage. Aka gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Ambaliya ta ragu, sannan aka riƙa sako ruwa da rani, wasu hanyoyin ruwa suka daina bushewa sam. Me ya biyo baya? Kachalla, doguwar ciyawar ruwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, kwalekwale ba ya wucewa, janbaki ya samu wurin kwana yana fita yana cinye hatsi. Da can rani ne ke kashe ta. Wurin nan fa tun 2000 yana cikin jerin Ramsar na dausayin da duniya ta ɗauka da muhimmanci, ga Dagona da baƙi ke zuwa kallon tsuntsaye, duk da haka yau mutanenmu da lauje da adda suke yaƙi da ciyawa.

Bakano:
To na ji. Amma ga Tabalak nan a kan hanyar Tahoua zuwa Agadas, ruwa na daɗewa, ana kamun kifi, ana lambu, gari ya bunƙasa. Ba a jiharku yake ba? Me ya sa su ba su lalace ba?

Ɗan Adar:
Tabalak babba ne Yaya, kwari ne mai tsawon kilomitoci, koramu da yawa ke zuba a cikinsa, kuma shi ma yana cikin jerin Ramsar tun 2005. Ko shi da rani yakan ja baya sosai ya bar fili mai faɗi da ake nomawa, tsuntsaye na bin gefen. Namu bai kai ko kusa ba. Kuma ka tambayi mutanen can, babban kukansu yashi ne da ke cike shi.

Injiniya:
Yawwa, ka taɓo inda ciwon yake. Yawancin tabkunan da mutane ke cewa sun daina riƙe ruwa kamar da, yashi ne ya cike su. Tun bayan farin 1973 da na 1984 itatuwa da ciyawar kan tudu suka ragu, ƙasa ta yi tauri, ruwan sama ba ya nutsewa sai ya gangaro da gudu ɗauke da yashi. In kun yashe ba ku gyara tudu ba, cikin 'yan shekaru kori zai mayar muku da abin da kuka kwashe. Ku kuwa 'yan Adar ba sai an koya muku ba, aikin farfaɗo da ƙasa na Keita tun 1984 a ƙasarku aka yi shi: jera duwatsu, haƙa ramukan tare ruwa irin su rabin wata da tassa, dashen itace.

Shawarata, a raba kuɗin. A zurfafa kusurwa guda kawai, inda gwaji ya nuna yumɓu mai kauri, da gefe mai gangare yadda yaro ko saniya za su iya fita. A bar sauran tabkin yadda yake, yana cika yana ƙafewa. A haƙa rijiyoyin lambu a gefe, domin ruwan da tabki ke tsotsewa ƙasa yana nan kusa. Ragowar kuɗin a kai tudu.

Baba Mai Koma:
In za a yi haka, a yi haƙar a gefen yamma wajen dutse. Tsakiya da gefen da bagaruwa take, nan gaiwa ke kwanciya, kada a taɓa. Bagaruwar ma ku lura, tana jure ruwa wata uku ko huɗu a gindinta, amma in ya zauna mata shekara sai ta bushe a tsaye. Kuma in an zuba tarwaɗa a ramin, da damina ruwa zai haɗe, za ta bazu ko'ina. Gara a bar kifin da ruwa ke kawowa da kansa.

Bakano:
Baba, a nan kam ban bi ka ba. In ba a zuba kifi ba, matasa me za su samu? Su ne fa suka tara kuɗin.

Malamin Kimiyya:
Ana iya gina tankunan kiwon kifi na siminti a gefe, a riƙa ba su ruwa daga rijiya, ruwan da aka canza kuma a kai lambu, taki ne. Tarwaɗa ta fi saurin girma a haka, kuma ba ta shiga tabki. Sai dai abincin kifi da tsada, wannan kam a yi lissafi tun da wuri.

Inna Mai Lambu:
Ni dai in rijiyoyin za su ba mu ruwa har Mayu, ba ni da ja. Bado ma da muke tonowa idan ruwa ya janye, da wake da kabewa da muke shukawa a danshin, ban so a rasa su ba, shekarar yunwa su suka riƙe mu. Amma a sa mata cikin masu yanke shawara. Kuma a yi shinge, don bara shanu sun shiga sun tattake mini albasa kwana kaɗan kafin cira.

Ɗan Rugga:
Allah ya ba da haƙuri Inna, wanda ya yi wannan bai kyauta ba. Amma shingen kada ya rufe burtali. A tabkuna da yawa yanzu lambu ya zagaye ruwa ta kowane gefe, mu zo da dabbobi masu ƙishi mu rasa ta inda za mu sauka. A ware mana mashaya tun kafin a dasa ko itace ɗaya na shinge, a gaban hakimi da magajin gari, a rubuta.

Inna Mai Lambu:
Burtalin da ke nan tun zamanin kakanni ba mai rufe shi. Amma faɗinsa nawa? Don abin da kuke kira burtali yanzu ya ninka na da.

Ɗan Rugga:
Garken ma ya ninka na da, Inna. A fito da tsofaffin ɓangarorin biyu su taka wurin da ƙafa, su nuna iyakar da suka sani, daga nan a ga abin da za a ƙara.

Ɗan Adar:
Injiniya, ramukan gwajin nan, mutanen gari za su iya haƙa su da hannu, ko sai an kawo na'ura? Kuma wane wata ya fi dacewa?

Injiniya:
Da hannu ma ya isa, masu haƙar rijiya na garinku sun fi kowa iyawa. Ku bari sai laka ta bushe sosai, wajen Afrilu. Kowane rami a auna inda yumɓu ya ƙare yashi ya fara, a rubuta, sannan a mayar da yumɓun a daddanne shi sosai kafin ruwa ya sauka, kada ramin gwajin kansa ya zama mazurari. Ku tafi da Baba ya nuna muku inda ba za a sa diga ba.